Rabin Tauraro a Kwando

Mai Adda ake ce masa, kuma bai taɓa ƙin sunan ba. Gonarsa a cikin teku take, inda ruwa ba ya wuce ƙirjin mutum. Turaku ne a kafe, da katakai a kansu, kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu da ake cin namanta, tana manne tana girma a cikin ɓawonta. Daga ubansa ya gaji gonar, tare da addar da ta ba shi suna.

Babban abokin gabar mai gonar kawa shi ne tauraron teku, wata halitta mai hannaye biyar, bayanta da kaushi kamar dutsen goge ƙafa. Yakan hau kan kawa, kafin a ankara sai a ga ɓawo a buɗe, ba komai a ciki. Maganinsa tun zamanin uban Mai Adda bai sake ba: a tsamo shi, a ɗora a gefen kwalekwale, a datse shi gida biyu, a watsar a ruwa. Haka uban ya yi, haka ɗan yake yi, haka sauran masu gonaki suke yi, don shi suke kallo.

Bana abin ya wuce misali. Ana sara, suna ƙaruwa. Rabin gonar ya zama ɓawo. In sauran ya tafi, ba irin da za a ɗora baɗi, gonar gado ta mutu a hannunsa ke nan.

Autarsa tana aiki a birni, a gidan da ake ajiye halittun ruwa cikin akwatunan gilashi don mutane su zo kallo. Ta zo ganin gida, ta same shi a rumfar bakin ruwa yana wasa adda, maza sun kewaye shi. Ta durƙusa ta gaishe shi. Da ta tsaya nan, da shi ke nan.

"Baba, ku daina saransu," in ji ta. "Ba mutuwa suke yi ba. In an raba ta tsakiya, kowane rabi yana iya fitar da sabbin hannaye. Ɗaya kuke mayarwa biyu."

Dogo, maƙwabcinsa a gona, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya tafa hannu. "To fa! Ashe kiwo muke yi ba mu sani ba. Mai Adda, yaushe za mu fara tatsa?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Dariyar ce ta yi ɓarna.

Mai Adda bai ɗaga murya ba. "Kakanki ne bai san ruwa ba, sai ke mai kallon kifi ta gilashi? Tashi ki ba ni wuri. Kada in sake ganin ƙafarki a bakin ruwan nan."

Ta tashi. 'Yar ubanta ce, ba ta yi kuka ba. Bakin ruwa ya hana ta, ita kuwa har gidan ta daina zuwa.

"Sannu da aiki, maigida," in ji matarsa tana kwashe kwanonin da ba wanda ya taɓa. "Ka kori 'ya, ka bar taurari."

Mai Adda ya miƙe ya fita. Washegari ya sare wani tauraro, ya jefa rabi ɗaya cikin kwandon waya, ya ɗaure kwandon a turken ƙarshe inda ba mai zuwa. Niyyarsa in ya ruɓe ya aika mata da shi a ƙunshe, ba tare da magana ba.

Bayan 'yan kwanaki ya jawo kwandon. Rabin bai ruɓe ba. Yana manne da wayar.

Ya kai shi ɗakin ajiyar kayan aiki, ya rufe ƙofa, ya zuba ruwan teku a daro, ya kifa shi rigingine. Tun yana yaro yake saran abin nan, bai taɓa juya shi ya duba cikinsa ba. Wa yake duba cikin maƙiyi? A ƙarƙashin kowane hannu akwai kwari kamar na kunya a gona, cikin kwarin kuwa wasu ƙananan ƙafafu ne cunkus, farare, masu taushi, kowace kamar siririn bututu mai faffaɗan baki. Suna miƙewa, suna komawa, suna lalube. Ba ƙashi a cikinsu. Wadda ta cika da ruwa sai ta yi tsawo, wadda ruwan ya koma sai ta tsuke. Ya sa yatsa. Suka kama shi a hankali, kamar hannun jariri. Da ya janye, sai da ya ji sun riƙe.

Yana kallo, hannu ɗaya ya lanƙwashe, ƙafafun bakinsa suka kama gindin daro, sauran jikin ya biyo baya. Rabin tauraro ya mirgina ya koma daidai, ya kama tafiya.

"Taurin rai ne," in ji Mai Adda. "Zai mutu."

Ya mayar da shi kwando. Amma daga ranar hannunsa ya ƙi adda. Ya ce wa mutane wuyan hannu ke masa ciwo. Taurarin da ya tsamo yakan zuba a buhu ya kai bayan gida ya shanya a ɓoye. Su Dogo kuwa suna ta sara suna watsawa, ruwa na kai gutsattsarin gonar kowa, har da tasa. Yana gani, yana shiru. Layin kawa na uku ya tafi. Na huɗu ya bi shi.

"Warin me nake ji a bayan ɗaki?" in ji matar. "Ko ciwon hannun ne yake wari?"

Watanni suka ja. A jikin rabin tauraron, inda adda ta bi ya rufe, ya yi fata. A gefen tabon wasu 'yan tsiro suka leƙo, kamar kan yatsan yaro. Ya sake kawo shi daro, wannan karon ya ajiye masa kawa mai rai. Yana so ya ga yadda ɓarawon yake shiga gida.

Tauraron ya hau kanta ya rungume. Ƙafafun suka manne da ɓawo ta kowane gefe, suka fara ja. Ba fizga, ba gaggawa. Kawa ta datse bakinta, irin datsewar da sai da wuƙa mutum yake buɗewa. Rana ta karkata, inuwar taga ta bar daro ta hau bango, ƙafafun ba su saki ba. Can ɓawon ya yi ɗan tsagi, bai kai kaurin farce ba. Sai wani abu mai laushi ya fito daga tsakiyar tauraron ya kutsa ta tsagin. Tumbinsa ne ya turo waje, ya shiga ya ci kawar a cikin ɗakinta.

Mai Adda ya daɗe a tsugune. Ba kawar yake tunani ba. Ubansa yake gani a gefen kwalekwale, gumi na zuba, yana sara da dukan ƙarfinsa don ya bar wa ɗansa gona. Kowane sara shuka ne, bawan Allah bai sani ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Da safe ya sa rigarsa ta zuwa unguwa, ya zuba tauraron a bokiti mai murfi. Matar ta dubi bokitin, ta dube shi, ta je ta ɗauko masa hula. Ba ta ce komai ba, shi ya san ba ƙaramin ƙoƙari ta yi ba.

Ya sami Auta a wurin aikinta a birni, a bayan manyan akwatunan gilashi, sanye da takalmin roba, tana wanke matatar ruwa. Ta gan shi, ta ajiye buroshi, ta durƙusa.

"Ina kwana, Baba."

Ya ajiye bokitin a gabanta ya buɗe. Ta leƙa. Tsofaffin hannaye manya, sababbi ƙanana, duka suna motsi.

"Ya yi hannu," in ji shi.

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Su Dogo suna nan suna sara. Taso mu je rumfa, ki faɗa musu a inda kika fara faɗa. Ni zan riƙe bokitin."

"Ka ce kada ka sake ganin ƙafata a bakin ruwa, Baba."

"Wannan tauraron ƙafafunsa ba sa ƙirguwa, na zauna na kalle su wuni guda. Taki biyu ce kawai."

Ta sunkuyar da kai, ta goge ido da bayan hannu. "Me ya saura a gonar?"

"Layin bakin gaɓa, da na kusa da shi."

"In an daina sara, aka riƙa kwashe su ana shanyawa a tudu, zai isa iri."

Ya mayar da murfin bokitin. Ta miƙa hannu za ta karɓa, kamar yadda ya kamaci 'ya. Ya hana ta.

"Na ce ni zan riƙe."

Ta cire takalmin roba, ta je neman izinin fita. Ya tsaya a tsaye yana jiran ta, bokiti a hannu, bai nemi wurin zama ba.