Fuskar da Ta Koya Masa

Tun daga Djougou Naja'atu take gyangyaɗi a bayan taksi, itatuwan kashu suna ta wucewa kamar ana jan su da igiya. Ƙanenta Ukasha, dillalin shanu, yana gidan kaso a Parakou. Ya sari wani makiyayi a kasuwa, sannan ya koma gefe ya ƙarasa cin tsirensa. Alƙali ya sa likitar ƙwaƙwalwa ta duba shi, ita kuwa ta ce sai ta ji ta bakin wanda ya san yarintarsa.

Dangi sun taru sun yi wa Naja'atu huɗuba: wai ta ce wa likitar aljanu ne, ta rufa asiri, ko a sassauta a sako musu ɗansu. Su da ba su taɓa zama gida ɗaya da shi ba! Matarsa Bashira kuwa sai jan mayafi take yi a kan tabon da ke wuyanta.

A ofishin Likita Mariatou fanka tana juyawa da kasala, labule yana lilo.

"Hajiya, wannan abin ba a ganinsa a jini, hoton kai ma bai isa ba," in ji likitar. "Halaye ashirin nake dubawa, kowanne in ba shi maki. Sau uku na yi hira da shi, kuma wallahi ya iya baki, har dariya ya ba ni. Shi ya sa ba na tsayawa kan maganarsa kaɗai. Kin taɓa ganin ya yi kuka don wani?"

Naja'atu ta lumshe ido, sai ga ta a garinsu Pélébina ranar da Inna, mahaifiyarsu, ta rasu. Gida ya kaure da kuka, Ukasha ɗan shekara tara yana tsotsar mangwaro, yana tambaya ko katifar Inna ta zama tasa. Kunya ta kama ta. Ta ja shi bayan rumbu, ta gyara masa fuska da yatsunta: ya sunkuyar da ido, ya karkaɗa leɓe, sannan ya dafe goshi. Ranar mata sun yi ta yaba tausayin yaron.

"Ya yi kuka da mahaifiyarmu ta rasu," ta ce. Likitar ta rubuta.

Da ta fito sai ta tarar an kawo shi, yana zaune a baranda tsakanin masu gadi biyu, yana kallon ƙadangare. Yana hango ta ya sunkuyar da ido, leɓensa ya karkaɗa, hannu ya tafi goshi. Shekara talatin ke nan, ko jerin bai sauya ba.

"Yaya," ya ce da rawar murya, "ke kaɗai kika rage mini."

Tana son sa, wannan ba ƙarya. Amma tsoro ya sauko mata har tafin ƙafa, ta tuna wuyan Bashira, ta tuna gidan da zai koma. Ta juya ta tura ƙofar ofis ba sallama.

"Likita, goge abin da kika rubuta," ta ce. "Kukan nan ni na koya masa."