Goyon Auta

Asibitin ɗaya ne, ƙofar shigarsa ma ɗaya, amma tun da gwamnati ta ba wa wani kamfani ɓangaren baya ya riƙe, sai ya koma gida biyu. Ɗakunan kwanciya na gwamnati ne. Ɗakin hoto da na gwajin jini da na wankin ƙoda kuwa duk na kamfani. A tsakiyar doguwar barandar da ta haɗa su aka ja layi da rawayan fenti, daga bango zuwa bango.

Inna mai gawayi ba ta cikin masu zagin kamfanin. Ta san ɗakin wankin ƙodan tun kafin su zo, lokacin da injin yake lulluɓe da zanin gado wata da watanni, ana jiran wani ƙarfe da aka ce yana hanya. Yanzu injuna suna aiki, wuta ba ta ɗaukewa, ba mai yi maka tsawa. Sai dai suna da doka: kowa da lokacinsa. Wanda ya makara, a ɗora na bayansa. Wanda ya makara sau biyu, a ba wani gurbinsa, shi kuma ya koma jira. Inna ta ga masu jiran nan, ta kuma san ba dukansu ne suke kaiwa ba.

'Yarta Auta ta riga ta makara sau ɗaya.

Ba laifinsu ba ne. Da can masu tura marasa lafiya na ɓangarorin biyu suna wucewa da gadajensu yadda suka ga dama, har ranar da wani gadon kamfani ya shiga ɓangaren gwamnati ya yi sati, ya dawo ba taya ɗaya. Daga nan aka ce kowane gado ya tsaya a gidansu. A bakin layin ake sauke mutum daga wannan a ɗora shi a kan wancan, in an yi sa'a gadajen sun haɗu.

Ran nan da safe Inna ta goge wa Auta jiki, ta ɗaura mata kallabi. Ƙafafun Auta sun kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Dogo, dattijon da yake tura gadon gwamnati, ya zo da wuri don tun jiya Inna take roƙonsa.

"Amarya, a hau mota," ya ce.

"Motar da ba ta kai mutum tasha," in ji Auta. Numfashinta sama-sama, amma bakin nan yana nan.

Suka kama baranda, tayar gadon tana ƙara kamar ana yanka ta. A bakin layi suka tarar da mai turawar kamfani, wanda ake kira Ɗan Gayu saboda gugar rigarsa, yana tsaye hannu rabbana.

"Ina gadon?" Inna ta tambaya.

"Inna, an kawo 'yan hatsarin mota. Gadajenmu duk suna ɗakin hoto."

"Yaushe za su sauko?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ba rashin kunya ba ne, shi ma bai sani ba.

Daga inda Inna take tana hango ƙofar ɗakin wankin, koriya, a buɗe. Da lafiyayye ne, kafin ya gama amsa sallama ya isa.

"Dogo, don Allah ka ƙarasa da ita. Ga ƙofar can."

"Hajiya, da a bara ne da tuni mun shige." Ya nuna kyamarar da ke manne a saman bango da haɓa. "Wannan makauniyar ba ta ganin komai sai ni. Saura kaɗan na yi ritaya, kada a kore ni a bakin ƙofa."

"To kai ɗan nan, ɗauke ta mana. Ƙarfi gare ka."

"An hana mu taɓa mara lafiya sai yana kan gadonmu. In ta faɗi a hannuna, wa zai amsa?"

"Ku dai ba a korar ku sai an ga gugar ta lalace," Dogo ya ce.

"Ku kuwa ko gadon kuka sayar ba mai tambaya."

"Wa zai sayi wannan? Ka ji kukansa kuwa?"

Inna ta bar su ta koma ɗaki da sauri-sauri, gwiwoyinta suna ƙara. Sista tana canza wa wata ƙarin ruwa. Mace ce mai kirki, ita kaɗai a kan ɗaki guda. Ta saurara, ta ciro waya ta kira jami'in da aka naɗa don sasanta ɓangarorin biyu. Ta daɗe da waya a kunne, sannan ta sauke.

"Mama, yana taro. Wai kan yadda za a inganta haɗin gwiwar."

Inna ta gaji da yawa, ko fushin ma ba ta samu ba. Ta juya.

Da ta dawo, wata ma'aikaciya ta leƙo daga koriyar ƙofar tana kiran lambar Auta. Ta kira, ta duba agogo, ta koma ciki. A kan bencin da ke jikin ƙofar wani mutum ya fara tattara ledarsa yana gyara zama. Inna ba ta ji haushinsa ba. Ita ma da haka za ta yi.

Ta tsaya a kan fentin, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can.

"Ɗan nan, ni fa? Ta gwamnati ce ni ko ta kamfani?"

"Ke ai ba ta kowa ba ce, Inna."

"Akwai dokar da ta hana ni wucewa da kayana?"

Ɗan Gayu ya dubi Dogo. Dogo ya dubi silin.

Inna ta warware mayafinta, ta juya wa gadon baya, ta durƙusa.

"Taso."

"Haba Inna! A gaban mutane? Ni da 'ya'yana biyu?"

"Buhun gawayi ya fi ki mutunci, ba ya magana. Taso, ki kula da robar wankin da ke wuyanki."

Dogo ya tallafo ta ta ɓangarensa har ƙirjinta ya kwanta a bayan uwar. Inna ta ja mayafin ta ɗaure a ƙirji, ta ɗaure a ciki, hannunta bai manta ba. Da ta yunƙura, duhu ya gilma mata a ido. Ruwan da ya taru a jikin Auta ya ninka mata nauyi, ƙafafunta kuma suna jan ƙasa. Inna ta kama cinyoyin ta ɗaga.

"Saura ki yi mini fitsari a baya," ta ce, don kada yarinyar ta ji tana haki.

"Da ina iyawa ai da ba mu zo nan ba."

Ɗan Gayu ya biyo su a baya, hannuwansa a buɗe, bai taɓa ba, bai kuma matsa ba. Masu zaman benci suka janye ƙafafu. Inna ba ta ga fuskar kowa ba, tayil kawai take gani, fari tas, da zufarta tana ɗiga a kai. A bakin ƙofa ma'aikaciyar ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa, ta nuna kujerar da ke jikin inji. Suna kwantar da Auta aikin ya tafi yadda ya saba tafiya a wannan ɓangaren, cikin natsuwa, ba a nemi komai an rasa ba.

Inna ta zauna a ƙasa a jikin bango, ba ta iya tashi ba har aka gama.

Daga ranar ba ta ƙara jiran gado ba. In sun tarar da shi, to. In babu, ta warware mayafi. An ce za a sayo keken tura marasa lafiya da ba na kowa ba a ajiye a bakin layin, sai dai ba a daidaita kan wanda zai riƙa gyara shi ba. Auta ba ta sake makara ba ko sau ɗaya, gurbinta yana nan.

Da farko zuwan ne mai nauyi, dawowa da sauƙi, don injin ya janye ruwan. A hankali zuwan ma ya daina nauyi. Wata safiya Inna ta miƙe da ita ba tare da ta dafa bango ba, ta tsaya cak a tsakiyar baranda.

"Inna, lafiya?" Auta ta tambaya a kunnenta.

"Lafiya. Gyara miki zama nake."

Ta ƙara tamke mayafin, don ya yi mata yawa, ta ci gaba da tafiya. Ba a rufa wata biyu ba Auta ta cika, Sista ta aika ɓangaren kamfani cewa su ba wani gurbin.