'Yar Robar Idon Hamma

"Ka sa aska ka ciro ta, Na'Allah. Ba wanzami ba ne kai?"

Hamma Bafillace na kwance a zaurensa, rabin fuskarsa ya kumbura suntum, ruwan ɗiwa na bin gefen hancinsa. Na'Allah, maƙwabcinsa na jikin katanga a Gwiwa, yana share masa da tsumma da ruwan ɗumi.

"Ni kai nake askewa, ba ido ba. Gobe akwai motar kasuwa, mu bi ta Kazaure mu wuce Kano."

"Kaɗo dai akwai tsoro."

Bara da kaka ne bajimin Hamma ya kai masa ƙaho, ya fasa ƙashin da ido ke zaune a kai. A asibitin Kano aka buɗe wurin, aka shimfiɗa wata 'yar roba ta tallafe idon. Ya dawo yana gani garau. Shekarun nan kuwa komai ya koma roba, buta da bokiti da takalmi, har Na'Allah na tsokanarsa wai ga mutumin roba ya iso. Da damina ta faɗi sai wurin ya yi ja, ya ɗauki zafi, ya fara tsatsa. Allura ta kwantar da shi, ya sake tashi, zazzaɓi ya biyo baya.

Hamma ya riƙo hannun rigar Na'Allah.

"Kano ta wuce ni. Ba mutuwar nake ji ba. Allah bai yi ni da roba ba, Na'Allah. Ƙasa za ta cinye ni ta bar wannan aba ita kaɗai a ramina. In ka ƙi cirewa da raina, to ka cire wurin wanka. Ka yi mini alkawari."

Na'Allah ne mai wankan gawar unguwar, ya kuma san ba a sa wa mamaci ƙarfe. Amma ya dubi idon nan mai lafiya yana jiransa, sai ya ji bakinsa ya ce, "To."

Kashegari motar ta zo ta wuce. Hamma ya daina gane mutane, shanunsa kawai yake kira ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar ya cika.

Na'Allah ya shiga wanka da aska a aljihu, tana masa nauyi kamar dutsen niƙa. Ya wanke kai, ya zo fuska ya tsaya. Da ya shafa auduga a ƙasan idon sai ya ji wani abu ya karce shi. Ashe bakin robar ya riga ya leƙo ta cikin gyambon. Ya kama da yatsu biyu, ta biyo shi salin alin.

Ta bayan zana, Inno matar Hamma ta ce a hankali, "Malam Na'Allah, an raba su?"

"An raba su, Inno."

Bayan an dawo daga maƙabarta ya wanke ta, ya zauna a ƙofar gida. Ba ta fi farcen babban yatsa ba, fara, haske na ratsa ta. Ya kara ta a idonsa. Ta cikinta ya hango shanun Hamma dishi-dishi suna gangarowa daga tudu, bajimin nan a gaba.