Tsokar da Aka Rantse a Kanta

Tun da likita ya rage wa Badaru tumbi a wani asibiti a Khartoum, nama ya zama abokin gabarsa. Mutumin da a da yake tashi da ƙafar rago shi kaɗai a rumfarsa ta yadi a Kasuwar Libiya, yanzu ko zaren tsoka ya haɗiye sai ya tokare masa ƙirji kamar dutse, gumi ya karyo, amai ya biyo baya. Ciwon suga ya lafa, gwiwoyi sun huta, jallabiyarsa ta koma kamar ta aro. Likita ya ja masa kunne cewa ɗinkin bai gama kamawa ba, kada ya kuskura ya tilasta wa cikin.

Ranar sunan ɗan ƙanwarsa Saratu a unguwar Alsawra, Badaru ya je da dabararsa: ya zauna a gefen faranti, ya jiƙa burodi a romo, ya cika wurin da hira har a ɗauke kwanuka.

Ya manta da mijinta, Mainasara. Mutumin kirki ne, mai sakin hannu, sai dai bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Ya kwashi ɗabi'ar mazan garin ta rantsuwa da saki don a tilasta wa baƙo karɓar karamci. Sau biyu baƙi suna ƙin bin rantsuwarsa, sau biyu limamin unguwa yana cewa saki ya auku. Igiya ɗaya ta rage wa Saratu, da 'ya'ya biyar, ga na goye.

Aka dire farantin gasasshen nama a ƙarƙashin rumfa. Mainasara ya zaɓo tsoka mai kauri, ya ajiye gaban surukinsa.

"Yaya Badaru, wannan taka ce. Ragon ɗanka ne."

"Na gode, wallahi ba zan iya ba. Ka san aikin da aka yi mini."

"Haba ya zol, bawan Allah, wane aiki? Dubi yadda likitoci suka tsotse ka! Ci ka dawo mutum."

"Mainasara, don Allah ka bari."

Badaru ya ga hannun Mainasara ya ɗagu, ya san abin da ke tafe. Ya yunƙura zai toshe masa baki, amma ya makara.

"Alayyat-talag! Idan ba ka cinye tsokar nan ba, na saki Saratu!"

Wasu baƙi suka yi dariya, don ba su san lissafin gidan ba. 'Yan unguwa kuwa suka janye hannu daga faranti. Shi kansa Mainasara sai da maganar ta fita ya ji ta, fuskarsa ta yi fari fat.

Badaru ya dubi liman da ke zaune cikin taron. Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya dubi labulen ƙofar mata, ya ga ƙafafun Saratu da sabon lalle sun tsaya cak a ƙasansa. Ita ce ta kwana a ƙasan gadonsa a asibiti da tsohon ciki. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka tura shi ɗakin tiyata, ga baƙin cikin wannan wawan da ba ya iya tsanarsa.

Ya nemi wuƙa. Ya yayyanka tsokar ƙanana-ƙanana, ya tauna har muƙamuƙinsa ya gaji, ya haɗiye. Loma ta farko ta sauka da ƙyar. Ta uku ta tsaya. Ya ci gaba da turawa a kanta, hawaye na zuba, yawu na taruwa a bakinsa.

"Halas, ya isa, Yaya," in ji Mainasara.

"Cinyewa ka ce," Badaru ya amsa, bai ko dube shi ba.

Da ya haɗiye ta ƙarshe ya buɗe baki ya nuna wa liman, kamar yaron da aka ba magani. Liman ya gyaɗa kai. Sannan Badaru ya miƙe, ya dafa bango har bayan gida, ya durƙusa a bakin kwata.

Can Saratu ta same shi, buta a hannunta.

"Yaya, ka cinye duka? Liman ya gani?"

"Ya gani," ya ce da ƙyar. "Koma wajen ɗanki."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta yi hamdala har sau uku. Ta karkata butar za ta wanke wurin, sai a lokacin ta ga abin da ya amayar. Jini ya fi naman yawa.