Maɗaurin da Ya Ƙi Saki

Lokacin da na fara koyar da zamiya a kan dusar ƙanƙara a duwatsun Farellones, da tsirkiyar fata da waya muke ɗaure takalmi a jikin katakon zamiya. In ka faɗi, katakon ba ya sakinka, sai dai ƙashinka ya karye. Daga baya aka kawo sabon maɗauri mai sifirin da sukurun saita ƙarfinsa, wanda ke buɗewa da kansa in ƙafa ta murɗe. Ni da hannuna na saka wa ɗalibata Ximena shi, na gwada har na gamsu.

Ranar da za ta fara saukowa daga gangare mafi tsayi, ina tsaye a ƙasa tare da mahaifinta, Don Baldomero, wanda ya tsufa yana ƙetare duwatsun nan a kan katako.

"Malam, na gyara abin wasan nan naku na 'yan birni," ya ce, yana dariya.

"Wane gyara, Baba?"

"Ɗan taɓawa kaɗan sai ya buɗe, kamar bakin surukata! Na ɗaure sukurun tamau. In katako ya kuɓuce wa mutum a saman dutse, da me zai dawo gida?"

Ban ga laifinsa ba. A zamaninsu, wanda katakonsa ya tsere, dusar ƙanƙara ke binne shi.

"Duka biyun ka ɗaure?"

"To, ƙafa ɗaya gare ta?"

Na ɗaga kai. Can sama na hango jar rigarta, ƙarama kamar ƙwayar barkono. Na ɗaga hannuwa ina ihu ta tsaya. Ta ɗauka gaisuwa ce, ta ɗago mini sandar zamiyarta, ta sako kanta.

Kwanar farko ta yi kyau, ta biyu ma haka. Na san akwai wuri a gaba inda rana ta narkar da dusar ƙanƙara, sanyi ya sake daskarar da ita. Tsohon ya dubi fuskata, dariyarsa ta ɗauke.

"Malam, mene ne? Yi magana mana!"

Kan katakonta na dama ya cake. Jikinta ya juya, katakon bai juya ba. Ƙarar da ta yi ta iso mu.

Ban san yadda muka hau ba. Muka same ta kwance, idonta biyu, tana haki. Ƙafar ta karye a ƙasan gwiwa, kuma har yanzu katakon na riƙe da ita yana murɗawa.

"Baba, cire mini shi," ta ce. "Don Allah cire."

Ya durƙusa, ya sa bakin wuƙarsa a kan sukurun, wuƙar na zamewa. Na riƙe mata ƙafar da hannu biyu don kada ta motsa.

"A hankali, Baba," na ce. "Ba can ba, ƙara ɗaurewa kake yi. Juya hagu."