Ranar da Aka Rufe Allon Tsaya Ka Ji

Shekara ashirin da shida allon nan yana saman ƙofar shagona: Tsaya Ka Ji, da hoton jan kunne a gefe. Aji uku na yi na bar makaranta, amma na san sunan da ke zama a kan mutum. Direba ya san shi, mai wanki ya san shi. Da kaset ya mutu, faifai ya bi shi, 'yata Auta da mijinta, wanda ake kira Injiniya, suka ɗora waƙoƙin shagon a intanet. Na ce na yarda, amma suna ba ya motsi.

Kwana biyu ban fito ba saboda ciwon ƙafa. Ranar Talata na iso da safe, na tarar an lulluɓe allon da wani shuɗin ƙyalle mai sheƙi. Na kira tela maƙwabcina ya karanta min.

"Sautiko Gulobal," in ji shi, yana danne dariya.

"Maganin sauro muka koma sayarwa?"

Injiniya ya fito daga ciki da waya a hannu, baki har kunne. "Baba, wasa ne. Kwana uku kacal. Manyan kamfanonin nan masu canza suna kullum muke tsokana. Mun canza a shafin intanet, mun canza a manhajar waya, allon kuma don bidiyo ne. Dubi yadda ake ta turawa, mutane har hawaye suke don dariya."

"Su wa ke dariyar? Masu karatu irinka. Jiya na ga wani shuɗin abu a wayata inda jan kunnen yake, na goge shi, na ɗauka 'yan damfara ne. Ni mai abin ke nan. To mai wanki fa?"

Auta ta ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka, ƙafarka..."

"Ƙafata ce ta hau tsani ta rataya wannan tsumman?"

Ban rufe baki ba tasi ta tsaya a ƙofar shagon. Na san wadda ke ciki.

Matar marigayi Mai Tari ce. Mawaƙi ne da na yi shekaru ina naɗar muryarsa, tun ina saurayi ina kiran matarsa Yaya. Ya mutu ya bar akwatin ƙarfe da kaset ɗari da arba'in, waƙoƙin da bai taɓa fitarwa ba. Shekara bakwai ina bin ta da roƙo ta ba ni in kwafe su kafin zaren ya manne, don kaset ba ya jiran kowa. Sai makon jiya ta yi min waya ta ce Talata za ta kawo. Na faɗa wa yaran nan. Kunnensu na kan wasa.

Ba ta fito ba. Ta sauke gilashi, ta ɗaga kai ta dubi saman ƙofar. Ba ta karatu, amma tana da ido. Ta tambayi direban, ya karanta mata. Ina hango akwatin a kujerar baya, an ɗaure shi da igiya.

"Mai Kaset, ashe ka sayar."

"Wallahi Yaya ban sayar ba."

Na ɗingisa na kama gefen ƙyallen na fizge shi, har ƙusa ta yage min yatsa. "Ga shi nan! Ga kunnenki nan, bai je ko'ina ba."

Da sun bar ni da ita, da na shawo kanta. Sai Injiniya ya matso, ya rusuna, ya tura mata waya ta taga. "Mama, ai wasa muke yi. Kin ga, har a nan mun canza. Jibi za mu mayar."

Ta dubi fuskarsa.

"Wasa," ta ce. "Mijina yana kwance ya ce min, kar ki ba kowa sai Tsaya Ka Ji. Bai ce in ba Mai Kaset ba, don ya san mutum yana tsufa, yara su karɓe. To na ga yaran. Wanda ya yi wasa da sunan gidansa, me zai yi da sunan mijin wata? Gobe in kuna son dariya ku sa masa wani. Direba, mu je."

Na bi motar taku biyar, ƙafar ta ce ba ta san zancen ba.

Abin da na faɗa a cikin shagon nan ba zan rubuta shi duka ba. Tela sai da ya bar kekensa ya shigo. Na ce wa Injiniya, "Kai ka san yadda ake yin suna? Shekara ashirin da shida ban taɓa ba mutum kaset mai shaƙewa ba. In ya cinye zare, in canza masa. Da haka ya zauna a bakin mutane, ba da bidiyo ba. Mayar da shi yanzu, ina tsaye."

Ya ce na shafin zai dawo nan take, amma na waya sai masu kula da manhajar sun duba, ƙila kwana huɗu.

"Ka ji ko? Rushewa minti ɗaya, gyara sai an roƙi wasu."

Auta tana kuka. Ban rarrashe ta ba.

Washegari na sa su a gaba har gidan Yaya. Ta bar mu a tsaye a tsakar gida har ta gama tsintar shinkafarta. Na ba da haƙuri, abin da ban yi wa kowa ba tun rasuwar mahaifina. Ta saurara ba ta ɗago ba.

"Akwatin ba zai bar ɗakina ba," ta ce. "Na rantse jiya, ba zan karya ba. In kuna so, ku zo da na'urarku nan. Kaset ɗaya a rana, ƙarfe tara na safe, ina zaune ina ji daga farko har ƙarshe. Sunan da mijina ya rubuta a jiki, shi za a sa, ko da kuskure a ciki. Kuma mai wasan nan shi zai riƙa zuwa."

A hanya Injiniya ya yi ta lissafi da yatsu. "Baba, kwana ɗari da arba'in fa ke nan. Kusan wata biyar. Aikin da zan gama a mako biyu in da a shago ne."

"Ƙarfe tara ta ce. Kar ka kai tara da minti ɗaya, don wasu kaset ɗin ba za su kai wata biyar ba. Ka fara da waɗanda suka fi tsufa."