Gabdo a Gaban Surukinsa

Duk wanda ya san Alhaji Gabdo ya san gara a yanka shi da ya ce wayyo a gaban mijin 'yarsa. To ga shi kuwa mijin 'yar ne, Mahmoud, ya kwaso shi a keke napep daga kasuwar shanu zuwa wani ƙaramin asibiti a Yelwa, bayan an ga dattijon ya jingina da turke, zufa na tsiyaya kamar an watsa masa ruwa.

"Bappa, ina ke maka ciwo?" in ji Likita Juwairiya.

"Jam," ya ce da Fulatanci, wato lafiya lau. "Zafin rana ne kawai. Ki ba ni maganin olsa in koma, shanu na jira na."

Rigar ma bai yarda ya ɗage ba sai da Mahmoud ya juya wa gadon baya. Ta manna masa wayoyin na'urar awon zuciya a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, takarda ta zaro. A layukan da ke kallon ƙasan zuciya, zanen da ya kamata ya kwanta bayan kowane bugu ya ɗan ɗaga. Kaɗan ne ƙwarai, mai gaggawa zai ce shekaru ne ya sallame shi. Juwairiya dai hankalinta bai kwanta ba, kuma ita in ta kafe, sai dai a bi ta.

Ta dakata, ta sake awon. Wannan karon zanen ya tashi kamar tozon sa, layukan da ke fuskantarsa kuma sun lotsa. Jijiyar da ke shayar da zuciyar ce ke toshewa, ga mai zuciyar yana laluben hularsa zai tafi.

"Malam Mahmoud, taimaka ka jira a waje."

Ƙofa na rufewa ta matso da kujera. "Bappa, ni ba surukarka ba ce. In ka koma kasuwa yau, a kafaɗa za a dawo da kai. Faɗa mini gaskiya."

Ya dubi ƙofar, ya dube ta. Sai hannunsa ya damƙe ƙarfen gadon, wani nishi ya kufce masa.

"Kamar bijimi ya taka ni a nan. Har haƙori, har hannu."

Tausayi ya kama ta, haushi ma ya kama ta. Ta ba shi asfirin ya tauna, ta sa masa allurar ruwa, ta ce babban asibitin Yola za a kai shi yanzu.

"Zan je," ya ce da ƙyar. "Amma kar yaron nan ya san na yi raki."

Ta fita, ta ɗaga murya yadda na ciki zai ji. "Surukinka ya ce shi lafiyarsa lau. Ni ce na hana shi tafiya, takardar awo na bi. Ga mota nan, ku shiga."

Mahmoud ya sunkuyar da kai, idonsa ya cika. Ya rage murya.

"Na ji shi ta ƙofa, likita. Ki ce wa nas ta zauna kusa da shi, in ciwon ya taso ya yi kukansa. Ni gaba zan zauna da direba, ba zan waiwaya ba har Yola."